Tsiren Bankok

Kafin in tashi zuwa Bankok saro kaya, na yi shirin da ko maniyyaci sai haka. Na rubuta sunan masallacin Darul Aman da ke kusa da kasuwar Pratunam, na ajiye hoton koren tambarin halal na Majalisar Musulunci ta Tailan a waya, Hajiya kuma ta cusa mini ƙullin yaji a jaka. Yarensu kaɗai na raina. Ɗan Kwari ai ba ya rasa bakin ciniki.

Tun daren farko aka fara. Na shimfiɗa darduma, na kalli gabas yadda na saba tun ina yaro. Sai da safe wani abokin fatauci ya tuna mini cewa daga Tailan, Makka tana yamma ne. Ashe ƙeya na ba alƙibla! Na sake sallar ina ta istigfari.

Da yamma yunwa ta koro ni titi. Can na hango hayaƙi, ga nama jere a tsinke kan garwashi, yana ɗigar da mai. Wallahi tsire sak, ƙuli-ƙuli kawai ya rasa, kuma tsinke ɗaya bat 10 a kuɗinsu. Tambarin da ke wayata ko tuna shi ban yi ba.

Na nuna naman, na ɗaga gira. Mai gashin ya ce, "Mu."

Na ce madalla, bawan Allah ya ga baƙo ne, yana yi mini kukan saniya don in gane. Don in tabbatar, na kafa yatsu biyu a ka kamar ƙaho, na ce, "Muuu?" Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya gyaɗa kai: "Mu, mu!" Na ce a ba ni biyar.

Har na kwance ƙullin yajina, sai wata dattijuwa mai hijabi da ke soya roti, wata irin wainar fulawa, a gefe ta daka mini tsawa: "Haji! Haram!" Ta danne hancinta da yatsa, ta yi gurnani.

Jama'a, a yaren Tai, "mu" alade ne.

Kwana huɗu na yi a gindin teburin baiwar Allah nan, roti da ayaba safe da yamma, har wandona ya fara zamewa.

Ran da na dawo Kano, Hajiya ta ajiye kwano ta ce, "Alhaji, zo mu ci." Na ce, "Tsaya tukuna. Wane mu?"