Salon Amos Biwott a kwatar layinmu

Cire tallafin mai da aka yi a 2023 ne mafarin abin. Na jingine babur a zaure na koma tafiyar ƙasa, har na fara jin kaina wani ɗan wasa. In na hau benen ofis ban yi haki ba, sai in waiwaya in dubi na bayana da tausayi.

Cikin watan Agustan shekarar, wani dare da babu ƙwallo, mai shayin bakin layinmu ya rasa abin da zai kunna mana, sai ya faɗa kan gasar guje-guje ta duniya da ake yi a Budapest. Muka dace da wasan ƙarshe na maza na mita 3,000, wanda ake tsallake shinge da ramin ruwa. Wani dattijo a majalisar ya tsuke baki ya ce, "Ƙattin banza. Ga busasshiyar hanya a gefe, sai sun bi ta cikin ruwa?"

Ni kuwa na san kan abin tun zamanin Ezekiel Kemboi, ɗan Kenyan nan da in ya ci sai ya kama tiƙar rawa a fili. Na gyara zama. Na ce musu sau 28 ake tsallake shinge, ramin ruwa kuma sau 7. Shingen ba irin na gajeren gudu ba ne da ake turewa ya faɗi. Gungumen katako ne mai tsayin santimita 91 da ɗoriya, in ka buge shi kai za ka sha ƙasa, shi yana nan daram. Ramin kuwa tsawonsa mita 3.66, zurfinsa yana gindin shingen, daga nan ƙasan ta yi ta tashi har ta haɗe da hanya. Shi ya sa gwani yake taka katakon da ƙafa ɗaya, ya cilla kansa gaba, ya dira inda ruwan bai taka kara ya karya ba. Ina cikin bayani Abraham Kibiwot na Kenya ya harɗe da shinge ya kife, ya miƙe ya ci gaba, kuma ya zo na uku. Soufiane El Bakkali na Maroko ne ya ci, ya bar Lamecha Girma na Habasha a na biyu, duk da cewa Girma ne ya kafa tarihin duniya a Paris wata biyu kafin nan. Mai shayi ya ƙara mini madara ban tambaya ba.

Ranar Asabar akwai ɗaurin auren ƙanwar abokina tela. Daren Juma'a aka kwana ana tafka ruwa. Na fito da farar shadda da ta sha bugu, babbar riga, hula zanna bukar da takalmi sau-ciki, muka kama hanya da tela da dattijon nan da wasu 'yan majalisa. A ƙarshen layi muka tarar kwata ta cika ta batse ta yanke hanya. Yaran unguwa sun gitta katako suna karɓar naira 50 a kan kowane mai wucewa. Daga ɓangarenmu kuma ga wani guntun ginin bulo, tsayinsa bai wuce gwiwa ba.

Tela ya dubi bulon, ya dubi ruwan, ya dube ni. "Malam, ga shinge, ga rami. Budapest ta biyo ka har gida."

Naira 50 tana aljihuna, wallahi tana nan. Amma idon majalisa yana kaina, har da dattijon da ya ce ƙattin banza. Nan take na tuna Amos Biwott, wanda ya fara ciyo wa Kenya zinare a wannan gudu a gasar Olamfik ta Meziko a 1968. Shi ba ya taɓa ruwan ma, daga kan katako sai busasshiyar ƙasa. Na ce a raina mai farar shadda ai salon Biwott ne ya dace da shi. Na miƙa wa tela wayata, na naɗe hannayen riga a kafaɗa, na ja da baya har gaban mai ƙosai, na yi bisimilla na zuro a guje.

Biwott dai saurayi ne a lokacin, gajeren wando gare shi, kuma ban jin ya ci ɗumamen tuwo da man shanu kafin ya fito. Katakon Meziko ma babu gansakuka a kansa. Ƙafata na sauka kan bulon ta zame, rigar ta kwance daga kafaɗa ta buɗe a iska kamar lema, na ga sama, na ga kwanon gidan maƙwabta, sai ji na yi tsundum. Ramin Budapest in ka yi gaba zurfinsa raguwa yake. Namu a tsakiya yake ajiye zurfinsa, kuma abin da ke ciki ba ruwan famfo ba ne. Na miƙe ruwa iya ƙugu, hula ta kama hanyarta, ƙafar hagu ta fito ba takalmi.

Aka yi tsit na ɗan lokaci. Mai ƙosai ta ce, "Sannu Alhaji, Allah ya kiyaye gaba," ta cusa fuska cikin mayafi kafaɗunta na rawa. Don in ceci abin da ya rage na mutunci, ina tsaye cikin kwatar na shaida musu cewa a 2018 Conseslus Kipruto ya ci irin wannan gudu a Zurich da takalmi ƙafa ɗaya.

Dattijon ya ce, "To madalla. Ci gaba da gudun mana, ana jiranmu a masallaci."

Suka biya naira hamsin-hamsin suka haye katako. Na tsayar da mai adaidaita, ya leƙo ya dube ni tun daga sama har ƙasa, ya ce gida za shi. Haka na koma ina ɗingishi, yara na biye da ni.

Uwargida ta tarbe ni a zaure. Ta daɗe tana kallona kafin ta ce, "Maigida, har an ɗaura?" Na ce hatsarin wasanni ne, manyan 'yan wasan duniya ma yana samunsu. Ba ta ce komai ba, ta shiga ta fito da bokiti da sabulun wanki, ta ce a nan zan tuɓe, kusa da babur.

Ina cikin cuɗa ƙafa aka yi sallama. Shugaban yaran katako ne, riƙe da takalmina a tsinin sanda, yana neman naira 200. Na ce haye katakon ma ai 50 ne.

Ya ce, "Baba, ai wannan sai da na shiga."

Uwargida ta biya shi daga kuɗin cefane, ta kuma sanar da ni cewa miyar dare babu nama.