Kwamfutar gem da kuɗin adashe

Duk wanda ya ce maka haɗa kwamfutar gem da kanka ya fi arha, ka tambaye shi a wane gari ya haɗa tashi, kuma da kuɗin wa. Ni dai a Jos na haɗa tawa, da kwasar adashe, kuma abin da ya ja ni ciki ba wani babban buri ba ne, gajiya na yi da biyan kuɗi a gidan gem na layinmu a Unguwar Rogo inda yara 'yan firamare ke lallasa ni gaban jama'a suna ce min "Yaya ka yi haƙuri". Da farko PS, na'urar gem ta PlayStation, na so saya, sai abokina da muke kira Injiniya ya ce kai, in ka sayi PS me za ka ce wa Hajiya? Kwamfuta kuwa ka ce ta koyon aiki ce, zane-zane da su kodin. Hujjar nan ta shige ni sosai. Shi Injiniyan nan fa ba wani digiri ne da shi ba, gyaran waya yake yi wajen Taminus, amma ya san kan kayan nan fiye da yadda ya san ranar haihuwarsa.

Na kwana ina kallon YouTube, turawa suna ta haɗa wadda suke kira ta talaka, wai dala 500 kacal, suna faɗa suna murmushi. Da a ce lokacin da dala take wajen naira 460 ne da na yi murmushin tare da su, to amma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 ai labari ya canza, a farkon 2024 dala ta haura naira 1,500. Na buga lissafin a waya, na goge, na sake bugawa ko yatsana ne ya ƙara sifili. Ba yatsa ba ne. Talakan bature ashe a nan unguwar Alhaji za a kira shi.

Injiniya ya zaunar da ni a bencin shagonsu ya rubuta min a bayan takardar rasit: firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar), madabod (allon da ake jona komai a kai), RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta lokacin aiki), girafik kad (mai fitar da hoto), SSD (ma'ajiyar fayiloli), fawa saflai (mai rarraba wuta), sai kes (akwatin da ake zuba su duka). Ya ja layi biyu ƙarƙashin girafik kad ya ce nan ne kaso mafi tsoka na kuɗinka zai tafi tunda gem za ka buga, kes kuwa ya sa shi a can ƙarshe ya ce ko wanne ka samu, gwangwani ne kawai. Na ce to. Washegari ina wucewa ta Ahmadu Bello Way na hango wani kes a wani shago, gefensa gilashi, fankoki uku a gaba suna canza kala, ja, shuɗi, kore, wallahi ban san sanda na yi taransfa ba. Har gobe ban ga laifina ba, mutum ya sayi abu ai ya kamata in baƙo ya shigo ya san an kashe kuɗi. Injiniya da ya ga rasit ɗin bai ce komai ba, ya dai cire gilashin idonsa ya goge ya mayar, ya ce "Malam, yanzu da fanka za ka ci ƙwallo?"

A firosesa ba mu yi gardama ba, Ryzen 5 5600 ya zaɓa min na hannu. Ya ce soket ɗinsa, wato gurbin da yake zama a madabod, AM4 ne, tun 2016 AMD, kamfanin da ke yin sa, ke kansa, shi ya sa madabod ɗinsa ya cika kasuwa kuma da RAM DDR4 yake aiki mai sauƙin kuɗi. Sabon, AM5 da ya fito 2022, DDR5 kawai yake karɓa, wannan na 'yan Rayfield ne. Na ji duk bayanin nan da kunnena, amma lokacin hankalina yana kan mai awara da ta ajiye bokiti a ƙofar shagon. Bayan kwana kaɗan na ga wani ya sa RAM a sitatus na WhatsApp, gig 16, DDR5, yana neman kuɗi da gaggawa. To jama'a ku yi min adalci, biyar da huɗu wanne ya fi? Na saya, na ɓoye, na ce sai ranar haɗawa zan ba Injiniya mamaki.

Madabod B450 muka samu tokumbo, mai kyau, ba ko tsatsa. Ashe irinsa ya riga Ryzen 5000 zuwa duniya, don haka in ba a sabunta masa 'yar manhajar cikinsa da ake kira BIOS ba ba zai gane firosesan ba, namu kuma ba shi da ɗan maɓallin nan na baya da ake sabuntawa da filash kawai. Ma'ana kana bukatar tsohon firosesa kafin ka iya sa sabon firosesa. Na ce Injiniya wannan ai damfara ce da rana tsaka, ya ce a'a kimiyya ce. Aka nemo wani yaro a Rikkos mai Ryzen 3600, ya yarda ya ara mana amma da sharaɗin shi zai kawo da kansa ya zauna a gama a gabansa. Na biya masa keke zuwa da dawowa, ya ci taliya da ƙwai biyu da lemo a aljihuna, aikin da bai fi minti goma ba, yana tafiya kuma yana ce min in akwai wani abu in kira shi ko da dare ne.

Girafik kad kuwa daga Legas aka turo, saboda abin da kes ya rage min bai kai na sabo ba ko kusa. RX 580 mai gig 8, ɗan 2017. Mai sayarwar ya rantse min a waya cewa wata tsohuwa ce a Landan take amfani da shi tana kallon hotunan jikokinta. Da na gaya wa Injiniya sai da ya sauko daga benci don dariya. Ya ce irin wannan kad ɗin su ne aka jera ɗari-ɗari ana haƙar kuɗin intanet na Ethereum da su dare da rana ba hutu, sai a watan Satumbar 2022 da aka canza tsarin aka daina haƙar da girafik kad, shi ne aka juye su kasuwa, kowanne kuma da tsohuwarsa a Landan. Direba ya kira ni da asuba na je tasha cikin sanyin nan mai shiga ƙashi, ya zaro min kwali daga ƙarƙashin jarkokin manja. Har yau in kwamfutar ta ɗauki zafi ɗakin ƙamshin miya yake yi kaɗan-kaɗan. Muka buɗe fankar muka kwashe ƙurar da za ta isa a shuka albasa, Injiniya ya ce ko dai tsohuwar a Sahara take zaune.

Nan ne na kawo shawarar da nake ganin ta masu hankali ce. Firosesan tunda na hannu ne bai zo da fankarsa ba, sai na ce mu bar ta mana, Jos muke fa, garin da a watan Janairu mutum ke yin shawara da zuciyarsa kafin ya taɓa ruwa. Injiniya ya ce sanyin Jos wanka yake hanawa, ba ya hana firosesa dahuwa, in ka kunna shi ba fanka kafin ka gyara zama ya yi zafin da zai kashe kansa. Aka sayi fanka. Aka sayi man da ake ɗigawa tsakaninta da firosesa, ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake, wanda Autanmu ya ɗauka makilin ne ya tambaya ko kwamfuta ma tana buroshi.

Zuwa fawa saflai aljihu ya riga ya yi fayau. Injiniya ya ce RX 580 shi kaɗai yana jan wat 185, yana son filogi mai ƙafa 8, kuma AMD masu yin sa da kansu wat 500 suka ce a nema, kada in kuskura in yi wasa da wannan don in ya mutu ba ya tafiya shi kaɗai. Na ce na ji. Sai ga wani maƙwabcinmu yana da tsohuwar kwamfutar ofis da aka kawo daga Amurka tana jibge a sito, ya ce in cire abin da nake so kyauta. Kyauta fa. Na ciro fawa saflai ɗin na goge shi tas na kai ɗaki, Injiniya ya fita sallar La'asar, na ce bari in ɗan jona shi a soket shi kaɗai in gani ko yana da rai. A bayansa akwai wani ɗan jan maɓalli an rubuta 115, ni na ɗauka lambar kaya ce. Wutar Amurka ke nan, tamu kuwa 230 ce, ana tura maɓallin ne gefe kafin a jona, kuma ba wanda ya ga damar gaya min. Ji kake fau! Hayaƙi ya tashi, Auta ya yi waje ba takalmi, Hajiya daga tsakar gida tana salati tana cewa wa ya bar tukunya a kan wuta. Na leƙo na ce Hajiya gwaji ne. Ta ce "gwajin ƙona min gida? Wannan ne koyon aikin?" Injiniya ya dawo da carbi a hannu, ya shinshina ɗakin, ya kalli maɓallin, ya ce alhamdulillahi da ba ka haɗa shi da madabod ba, da yanzu zaman makoki muke. A ƙarshe sai da na sayar da tsohuwar wayata na ƙara da rancen Anti muka sayi mai wat 550 mai tambarin 80 Plus, abin da ba ya haske ba ya kala, ana cusa shi can ƙasan kes inda ba mai ganinsa, kuma shi ne ya fi min ciwo a duk sayayyar.

Ranar haɗawa muka baje komai a kan tabarma, Auta yana riƙe da tocilan waya. Na ce Injiniya rufe idonka, na zaro RAM ɗina na ɗora masa a hannu. Ya karanta jikin, ya yi shiru. Na karɓe na ce kawo ka gani, na saita a ramin na danna, ya ƙi, na juya shi na danna, ya ƙi, na miƙe tsaye zan sa ƙarfi sai ji na yi an riƙe min hannu ta baya. Ashe 'yar tsagar da ke ƙasan DDR5 ba a wuri ɗaya take da ta DDR4 ba, da gangan aka yi haka saboda irina. Na kira mai sitatus, ya ce kaya in ya fita ba ya dawowa, daga nan hotonsa ma ya ɓace daga WhatsApp ɗina. Injiniya ya koma shago ya ciro DDR4 guda biyu masu gig 8-8 ya ba ni bashi, ya sa su a rami na biyu da na huɗu, wai haka suke aiki tare su fi sauri, ni dai lokacin ko a rami na goma ya sa ba zan yi magana ba.

Aka gama ɗaure komai, aka rufe gilashi, monita babu don kuɗinta ya tafi tun a fankoki, sai muka ɗauko tibin falo. Injiniya ya shiga wanke hannu, na jona wayar HDMI mai kai hoto tibi, na yi bismillah na danna. Shiru. Na sake dannawa, shiru, gumi ya keto min a cikin rigar sanyi. Auta ne ya ce Yaya akwai wani makunni a baya, ya danna, sai ga fankoki sun tashi, ja, shuɗi, kore, ɗaki ya haske, Hajiya ta ɗaga labule ta ce gidan rawa ka buɗe min? Amma tibi baƙi ƙirin, wai babu sigina. Na fara lissafin wa zan fara kira in zaga, mai tsohuwar Landan ko yaron Rikkos, sai Injiniya ya shigo yana goge hannu a wando, ya leƙa baya, ya zare wayar daga madabod ya mayar da ita jikin girafik kad. Firosesa 5600 ba shi da nasa girafik, mai G a ƙarshe ne yake da shi, ramin HDMI na madabod ɗin ado ne kawai a wajena. Hoto ya fito. Na rungume Auta, na rungume Injiniya, na kusa rungumar tibi.

Murnar ba ta kai Isha'i ba. Injiniya ya sa wata manhaja GPU-Z don ya duba lafiyar kad ɗin, sai ya ga adadin ƙananan injinan da ke cikinsa 2048 ne a inda RX 580 na ainihi yake da 2304. Wai akwai wani samfuri da ake kira 2048SP, sunan 580 ne a goshi amma ƙarfin ƙaninsa 570 ne. Ko tsohuwar ma ashe cutarta aka yi. Gem dai yana gudu, ba ƙarya, sai dai gem ɗin ƙwallon da nake buri, wanda tun 2023 aka daina ce masa FIFA aka koma FC, gig 100 yake nema a SSD ɗina mai 256, ga kuɗin sayensa ga kuɗin data, don haka eFootball na kyauta na sauke da datar dare, ina lulluɓe da bargo ina addu'a kada a ɗauke wuta a kashi 90. Tibi kuma ba na samunsa sai Hajiya ta gama kallonta ta kwanta, da asuba in mayar kafin ta fito, ranar da na makara ta tarar da falo ba tibi sai da ta kusa tara unguwa wai ɓarayi sun shigo.

Saboda haka jama'a, akwai RAM DDR5 gig 16 na sayarwa, kusan sabo, an ɗan danna shi kaɗan amma Injiniya ya duba ya ce bai karye ba. Ina karɓar musanya da monita ko wace iri, ko da ta tsohuwar Landan ce.