Me ya tara, me ya tara, sai ka ce da shi za a binne mutum

Ranar Asabar na je taron tunawa da wani dattijo maƙwabcina a nan jihar Kolorado ta Amurka, kuma wallahi har yanzu maganar da wani ƙanenmu ya yi a mota tana ci min rai. Dattijon tsohon soja ne tun zamanin yaƙin Biyetnam, da ya dawo sai ya kama koyar da zamiya a kan dusar ƙanƙara, wannan da ake kira siki, har ƙarfinsa ya ƙare. Zaure ya cika maƙil, ga matarsa a gaba da 'ya'ya da jikoki, ga masu furfura suna tashi ɗaya bayan ɗaya kowa na cewa a hannunsa ya koya. Muna hanyar dawowa yaron nan ya ce min wai "Yaya, to yanzu duk rayuwarsa koya wa yara sulɓi, me ya tara?" sauran suka kwashe da dariya.

Me ya tara! Haba samari, ko makoki ba a tashi ba kun fara lissafin aljihun mamaci? Wannan tambayar ta zame muku ciwo, a ce wane ya rasu ku ce wace mota ya bari, a ce wance ta yi aure ku ce nawa ne albashin mijin, ba mai tambaya mutum nawa suka ci moriyarsa.

Ni na ga aikinsa da idona lokacin da na kai masa 'yata. Tsoho da ciwon gwiwa ya durƙusa cikin ƙanƙara ya ɗaure mata takalmi da hannunsa, ya gyara mata igiyar hular kwano, kuma abin da ya fara koya mata shi ne yadda ake faɗuwa a tashi, sannan yadda za ta haɗa bakin allunan ƙafarta ta tsaya. Ta faɗi ya fi a ƙirga, tana kuka majina na daskarewa, ko sau ɗaya bai ɗaga mata murya ba. Wanene a cikinku zai iya minti goma da ƙaramin yaro bai zaro waya ba? Kowa ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara.

Kuma ku da kuke zuwa Aspen da Vail, wuraren wasan siki na nan Kolorado, kuna ɗaukar hoto kuna turawa gida, kun san su wa suka raya wuraren? A 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka gina sansanin Camp Hale a duwatsun nan, inda runduna ta 10 ta sojojin dutse na Amurka ta koyi yaƙi cikin ƙanƙara. Daren 18 ga Fabrairu 1945 suka hau dutsen Riva a Italiya cikin duhu suka afka wa Jamusawa, kuma kafin yaƙi ya ƙare sun rasa mutum kusan 1,000. Daga cikin sojojin rundunar, Friedl Pfeifer, malamin siki ɗan asalin Ostiriya, ya dawo da rauni a huhu ya ci gaba da koyarwa a Aspen. Pete Seibert, shi ma ɗan rundunar, ya sha jinyar mummunan rauni, ya tashi ya buɗe Vail a 1962. A hannun irin waɗannan maƙwabcina ya koyi sana'ar da kuke wa dariya, kowa ya raina gajere bai taka kunama ba.

A 2022 shugaba Biden ya mai da Camp Hale wurin tarihi na ƙasa. Mu kuwa kakanninmu sun je Bama a wannan Yaƙin Duniya na Biyun dai, runduna ta 81 da ta 82, wa ya zauna ya ji labarinsu kafin su tafi? Sai sunan bariki irin Dalet a Kaduna, shi ma yara ba su san daga ina ya samo ba.

Abin haushin ma masu tambayar me ya tara su ne kwana suke kan cacar ƙwallo da shisha, a kira su daga gida su ƙi ɗauka, uwa na jiran gaisuwa sati biyu. Da can malamin firamare in ya ratso unguwa durƙusawa ake, ba wanda ya damu da keke yake hawa ko a ƙafa yake, maƙeri da masaƙi kowa da darajarsa, a ce wane mutumin kirki ne shi kenan an gama yabo. Yanzu sai ka ji ɗa yana jin kunyar faɗin sana'ar ubansa, ina muka baro wannan tarbiyyar ne? Ku gyara don Allah, ku rage wannan awon mutane da kuɗi, alheri danƙo ne ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Jiya 'yata ta ce in kai ta ta gaida matar dattijon, Allah ya ba ta haƙuri. Na kira yaron nan na ce ya shirya ranar Lahadi mu je tare ya zauna ya ji wanene mutumin daga bakin wadda ta zauna da shi, ya ce min wai zai duba.