Kafin ka yi wa ɗanka burin Oxford

Da zarar hoton wani ɗanmu ya fito sanye da baƙar rigar jami'ar Oxford ta Ingila, sai Facebook ta ɗauka: "Ma sha Allah, Allah ya kai namu." Amin. Amma da wuya ka ji mai tambayar irin karatun da yaron ya sha a can.

Shigar ma aiki ce. Masu neman digirin farko sun haura 20,000 a shekara, gurbin kuwa kusan 3,300 ne. A tsakiyar Oktoba ake rufe karɓar takardu, a Disamba malamai su yi maka tambayoyi baki da baki, su ga yadda kake tunani in an ƙure ka.

In ka shiga, zangon karatu mako takwas ne kacal, sau uku a shekara. Kada gajartar ta ruɗe ka. Kusan kowane mako za a ba ka tarin littattafai da tambaya guda, ka rubuto amsarka, ka je ofishin malami ku zauna kai da shi da ɗalibi ɗaya ko biyu, na kimanin awa guda. Ka ce kaza, ya ce ina hujjarka? Ka kawo, ya juya ta ya miƙo maka. Babu bencin baya da za ka laɓe, babu handawut ɗin da za ka haddace. Wanda ya yi karatun zaure ya san wannan zaman, inda kake biya littafi gaban malam gwiwa da gwiwa, sai dai can ana so ka yi musu da malamin ne.

Ni dai wannan nake yi musu sha'awa, fiye da ɗakin karatun Bodleian da aka buɗe tun 1602. A nan gida yaronmu yana iya gama aji huɗu na jami'a malami bai taɓa jin muryarsa ba.

Sai dai da tsadarsa. Gajiyar mako na biyar har suna ɗalibai suka sa mata. Ba a son mai digirin farko ya yi aikin kuɗi ana tsakiyar zango, don haka ɗan talaka sai da tallafi. A fannoni da dama kuma jarrabawar ƙarshe ce ke yanke darajar digirinka. Yaron da ya saba zuwa na ɗaya tun firamare, ranar farko zai tarar kowa a ajin na ɗaya ne a garinsu, kuma iyaye a gida ba sa son jin "na gaji" a waya.