Ɓarawon Tudu Da Ɓarawon Teku: Hukuncin Sata A Malta Zamanin Barade

A birnin Valletta, babban birnin ƙasar Malta, akwai wani tsohon gini mai suna Castellania wanda a yau yake ɗauke da ofishin ma'aikatar lafiya. An kammala shi a siffarsa ta yanzu a shekarar 1760, zamanin Manuel Pinto, shugaban baraden da suke mulkin tsibirin, kuma a wancan lokaci nan ne babbar kotun tsibirin, tare da ɗakunan tsare waɗanda ake tuhuma. Har yanzu a kusurwar ginin akwai dutsen da ake ɗora mai laifi a kai domin duk mai wucewa ya gan shi, ya san abin da ya aikata. Ɓarayi na cikin waɗanda suka fi yawan ratsa wannan kotu, kuma abin da aka riƙa yi da su ya isa a tsaya a kansa, domin hukuncin da ɓarawo yake sha a Malta ya fi dogara ga matsayinsa da kuma bukatar masu mulki, fiye da girman abin da ya ɗauka.

Masu mulkin su ne Baraden Yohanna Mai Tsarki, ƙungiyar mayaƙan addinin Kirista da ta ƙunshi 'ya'yan manyan gidajen Turai, wadda Sarki Charles na Biyar na Daular Roma Mai Tsarki ya ba ta tsibirin a 1530, ta kuma riƙe shi har 1798. Sun tarar da mutane kimanin 20,000, sun bar kusan 100,000. Ƙasar duwatsu ce mai ƙarancin ruwa, abin da take nomawa ba ya ciyar da mutanenta, shi ya sa ake shigo da alkama daga Sisili, kuma duk shekarar da damina ta ƙi a can ko jiragen hatsi suka makara, talakan Malta ne yake kwana da yunwa. An sha yunwa mai tsanani a farkon shekarun 1590, annobar 1676 kuma ta kashe fiye da mutum 11,000. A gefe guda ga tashar jiragen ruwa cike da matuƙa, sojojin haya, baƙi da bayi, ga gidajen barade cike da kayan azurfa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ban kawo wannan don wanke ɓarawo ba, domin galibin waɗanda ake yi wa sata su ma talakawa ne da ake raba su da tufafi, kaji, ko amfanin gona, amma duk wanda zai yi magana kan tsananin hukunci ya kamata ya fara da sanin halin da ake yanke shi a ciki.

Hukuncin yana da matakai. Akwai bulala a bainar jama'a, akwai tozartawa a dandali, akwai kora daga tsibirin, sannan akwai rataya ga laifin da aka ɗauka ya kai maƙura. Kafin a kai ga hukunci kuwa, doka ta yarda a azabtar da wanda ake tuhuma don ya amsa laifi, kuma fitacciyar hanya ita ce a ɗaure hannuwansa ta baya, a ja shi sama da igiya har kafaɗunsa su nemi gocewa. Sai dai hukuncin da ya fi bayyana yadda tsarin yake shi ne tura mutum tuƙin jirgin yaƙi, na wasu shekaru ko na tsawon rai. Jiragen barade na wancan zamani da ƙarfin damtse suke tafiya: mutum huɗu ko biyar ne a kan kowane filafili, a ɗaure da sarƙa a bencinsu, a nan suke ci, a nan suke barci, rana da ruwan teku suna dukansu. Matuƙan kashi uku ne, wato bayi waɗanda yawancinsu Musulmi ne da aka kama, da fursunonin da kotu ta yanke wa hukunci, da kuma waɗanda bashi ya sa suka jinginar da kansu. Bukatar matuƙa ta kai har ana karɓo fursunoni daga ƙasashen Italiya. Hukumar da take neman hannaye haka, kuma ita ce take naɗa alƙalai, tana da amfani a cikin kowane hukunci mai tsawo da aka yanke, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi shakkar cewa adalci ne yake riƙe da ma'auni.

Ina jiragen suke zuwa? Aikinsu, su da jiragen 'yan kasuwa masu lasisi, shi ne tare jiragen Musulmi a Bahar Rum, a kwashe kaya, a kama mutane a sayar ko a nemi kuɗin fansa. Sana'a ce mai doka da oda: a 1605 shugaban barade Alof de Wignacourt ya kafa kotu ta musamman don sasanta rigingimun rabon ganima, kuma kashi goma cikin ɗari na abin da masu lasisi suka samo na shugaban barade ne. A 1644 jiragen Malta suka afka wa ayarin da ya taso daga Istanbul zuwa Iskandariya, wanda a cikinsa akwai maniyyata aikin Hajji, suka kashe wasu suka kama ɗaruruwa, lamarin da ya zama sanadin yaƙin tsibirin Kirit da aka shafe fiye da shekara 20 ana yi tsakanin Turkawa da Venice. Abin da yake damuna a nan a fili yake. Mutumin da ya fasa shago a Valletta ana iya ɗaure shi a filafilin jirgin da zai je ya kwashe dukiyar wani ɗan kasuwar Masar, a dawo a karɓi kyaftin ɗin da girmamawa. Bawan da ke kusa da shi a benci kuwa, shi kansa sato shi aka yi, amma idan ya ɗauki abin wani a kasuwa, kotu za ta hukunta shi a matsayin ɓarawo.

Dole a yi wa barade adalci. Wannan fashi ba su kaɗai suke yi ba, domin jiragen Aljiyas, Tunis da Tarabulus suna yi wa Kiristoci irinsa, kuma a 1551 rundunar Turkawa ta kwashe kusan dukkan mutanen tsibirin Gozo da ke maƙwabtaka da Malta, wajen mutum 5,000, zuwa bauta. Su a wurinsu yaƙi ne na addini, abin da aka samu kuma ganima ce, kamar yadda abokan gabarsu suke ɗauka. Haka nan sun gudanar da asibiti a Valletta da ya yi suna a Turai, an kuma kafa asusun fansar 'yan Malta da aka kama. Duk da haka wannan hujja ba ta gamsar da ni gaba ɗaya, saboda masu lasisin sun sha kwace kayan Girkawa Kiristoci da sunan dukiyar Turkawa ce, har ƙorafe-ƙorafe suka riƙa kaiwa Roma. Inda riba take, nan ake lanƙwasa ma'anar ganima.

A cikin gida ma doka ba ɗaya ba ce ga kowa. Ƙaramin tsibiri ne amma yana da iko uku masu gasa da juna: kotunan shugaban barade, kotun bishop, da kotun binciken aƙida ta wakilin Fafaroma da ke zaune a Birgu. Barde idan ya yi laifi ƙungiyarsa ce take yi masa shari'a. Malamin coci, ko da ƙaramin matsayi ne da shi, na bishop ne. Mai binciken aƙida kuma yana raba takardun kariya ga ma'aikatansa da masu noma filayensa, duk mai riƙe da ita kuwa ya fita daga hannun kotun hukuma. Ga shi kuma coci tudun mun tsira ce, domin ɓarawon da ya riga dogarai shiga ciki ba a kama shi da ƙarfi. Lamarin ya yi yawa har aka cire wa ƙananan coci-coci da dama wannan alfarma, aka manna musu allon dutse a ƙofa da ke sanar da cewa babu mafaka a nan, kuma ana ganin waɗannan alluna a ƙauyukan Malta har yau. Wanda ba shi da takarda, ba shi da ubangida, bai kuma kai ƙofar coci ba, shi ne dukkan nauyin doka yake faɗowa a kansa.

Bayanan kotun aƙida sun nuna inda wanda aka yi wa sata yake kai kukansa idan ya ga babu alamar kayansa za su dawo. Kiristoci da dama sun riƙa zuwa wurin bayi Musulmi don a yi musu duba ko a rubuta musu laya, kuma neman abin da ya ɓata yana cikin bukatun da ke kai su. A 1605 an gurfanar da wani bawa ɗan Alƙahira mai suna Sellem bin al-Sheikh Mansur bisa zargin sihiri da bugun ƙasa da yake yi wa Kiristoci. Mai karatu a ƙasar Hausa ya san wannan hali sarai, na mutumin da ya fi sa ran ganin akuyarsa ta hannun mai duba fiye da ta hannun hukuma, kuma a ko'ina aka ga haka, alama ce ta cewa tsananin hukunci bai haifar da amincewa da kotu ba.

An yi ƙoƙarin gyara. Shugaban barade Manoel de Vilhena ya tattara dokoki a 1724, sannan wani shugaban, Emmanuel de Rohan, ya fitar da sabon kundi a 1784, shekara 20 bayan masanin shari'a ɗan Italiya Cesare Beccaria ya wallafa littafinsa da ya yi jayayya cewa tabbacin hukunci ya fi tsananinsa hana laifi, kuma azabtarwa ba ta tabbatar da gaskiya. Kundin Rohan ya taƙaita azabtarwa amma bai soke ta ba, bai kuma rushe gatan da ya raba mutane gida-gida a gaban shari'a ba, ga shi a 1775 an riga an ga tawayen da wasu limaman coci suka jagoranta bayan tsadar hatsi da dokar hana farautar zomo da ta ƙuntata wa talakawa.

Ƙarshen tsarin daga waje ya zo. A watan Yunin 1798 Napoleon ya karɓe Malta, ya kori barade, ya 'yanta bayi kimanin 2,000, sojojinsa kuma suka shiga kwasar azurfar coci-coci don biyan kuɗin yaƙin Masar. Ranar 2 ga Satumba na wannan shekara, da Faransawa suka zo yin gwanjon kayan wata coci a Mdina, tsohon babban birnin tsibirin, jama'a suka tashi suka kashe kwamandan sojojin da ke garin, suka tsare sauran Faransawa a cikin ganuwar Valletta, har Faransawan suka miƙa wuya ga Turawan Ingila a 1800.