Gwajin kafin aure ba zai warkar da yaran da aka riga aka haifa ba

A shekarar 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, har da gwajin da ke nuna ko mutum AA ne, AS ko SS. Abin a yaba ne. Amma tun daga lokacin, duk hirar da za a yi kan sikila, wato amosanin jini, a kan masu shirin aure take ƙarewa, kamar babu yaran da ke kwance yanzu haka suna murƙususu. Kusan jarirai 150,000 ake haifa da amosanin jini duk shekara a Najeriya, fiye da kowace ƙasa a duniya. Su takardar gwaji ba ta da abin da za ta yi musu.

Ciwon ƙashi da kumburin hannu da ƙafa kowa ya sani. Wanda ba a cika magana a kansa ba shi ne shanyewar ɓarin jiki. Yaro ɗan shekara shida ya kwanta lafiya, gari ya waye baki ya karkace, hannu ɗaya ya ƙi ɗaguwa, kofin koko ma ya gagara riƙewa. Kaka ta ce iska ce, a nemo hayaƙi. Alhali jijiyar jini ce ta toshe a ƙwaƙwalwa, kuma kusan ɗaya cikin goma na masu SS na gamuwa da haka kafin su kai shekara 20 idan ba a yi rigakafi ba.

Ana iya hango shi tun bai zo ba. Akwai na'urar TCD da ake kangawa a gefen kan yaro, ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ba allura ba zafi. A Amurka, yaron da aka ga yana cikin haɗari ƙarin jini ake yi masa duk wata. A nan kuwa, wanda ya taɓa ganin uba yana buga wa 'yan uwa waya cikin dare yana neman ledar jini ɗaya ya san wannan ba mai ɗorewa ba ne.

Likitocinmu suka nemo wata hanya. A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Murtala, da Barau Dikko a Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, aka yi binciken SPRING, wanda ya nuna cewa ƙwayar haidroksiyuriya, ko da ɗan ƙaramin awo ne kullum, tana kare waɗannan yara. A gidanmu aka gano, amma iyaye nawa ne a Gaya ko Gumel suka taɓa jin sunan TCD?

Maganin nan asalinsa na ciwon daji ne, kuma ƙwararrun da ke duba masu sikila su ne dai ke duba yara masu sankarar jini da ta muƙamuƙi. 'Yan ƙalilan ne, duk sun taru a manyan birane.  

Za a ce ai ana dashen ɓargo, tun 2011 aka fara a birnin Benin na Jihar Edo. Gaskiya ne, sai dai kuɗinsa miliyoyi ne, kuma sai an samu ɗan uwan da ɓargonsa ya dace. Ni da za a tambaye ni, kuɗin ginin cibiya ɗaya mai walƙiya gara a raba shi: TCD a kowane babban asibitin shiyya, ma'aikatan jinya biyu da aka koya musu aiki da ita, gwajin jarirai ranar rigakafin farko, sannan haidroksiyuriya ta shiga inshorar lafiya ta jiha, yadda uwa ba za ta riƙa tsallake kwana ba don maganin ya kai ƙarshen wata.