Ni Da Girmana In Goyi Jaka?

ALHAJI: Kai yaro, ɗauke min wannan abin daga kan gado. Ni da girmana in goyi jaka? Makaranta aka ce maka zan koma?

ƊAN BOKO: Kawu, tafiyar kwana 3 ce, kuma kai ka ce kayanka ba za su shiga ƙasan jirgi ba. Wannan jakar goyon lita 35 ce, za ta cinye komai har da sauran wuri.

ALHAJI: Hajiya, miƙo min ta fatar.

(Ta fatar ta sauko daga kan sif a cikin ledarta. Tun da aka saye ta ake shafa mata mai, ba ta taɓa ganin titi ba.)

ALHAJI: Dubi ƙyalli. Ka shiga otal da wannan a hannu, mai gadi ma sai ya gyara tsayuwa.

ƊAN BOKO: Ba a hana ta nata. Bakinta da faɗi, zif ɗaya ka ja ka ga komai, gogaggun kaya su kwanta a shimfiɗe. Da mota za ta ɗauke ka a ƙofa ta sauke ka a ƙofa, ni ma ita zan ce ka ɗauka.

ALHAJI: Hajiya, kin ji ko? Boko ya sallama.

ƊAN BOKO: Ban gama ba. Canjin jirgi gare ka. Daga wannan ƙofa zuwa waccan sai mutum ya yi minti 15 yana taku, ga matakala, ga layi. Bari a ɗora ta a sikeli.

HAJIYA: Kilo biyu da rabi. Ko hankici babu a ciki.

ALHAJI: Nauyin asali ke nan. Fata ce ta gaske, ba leda ba.

ƊAN BOKO: Kamfanonin jirgi da yawa kilo 7 suke yarda ka shiga da shi, wasu 8, wasu 10. Naka 7 ne, ga shi a tikiti. Jakar kaɗai ta ci biyu da rabi, saura huɗu da rabi. Ta goyon kilo ɗaya da ɗan kai ce. Ga kuma tsawo: taka santimita 60, su kuwa yawanci 55 a 40 a 23 suke so, wasu ma 20 ne kaurin.

ALHAJI: Wa zai tsaya auna jakar Alhaji?

HAJIYA: Wanda aka ba sikeli da kejin ƙarfen gwada girman jaka aka ce ya zauna a bakin ƙofa. Shi bai san girma ba, kilo ya sani.

(Alhaji bai tanka ba, ya shiga lodi. Kwat biyu, takalma ƙafa uku, riguna na mutumin da zai yi wata, sai kwalbar turare. Sikeli ya ce 11.)

ALHAJI: Sikelin nan ya lalace.

ƊAN BOKO: To rataya ta, ka je ƙarshen baranda ka dawo.

(Ya rataya. Taku goma na farko na manya ne. Daga nan kafaɗar dama ta hau sama, kai ya karkata hagu, jaka na dukan cinya.)

HAJIYA: Alhaji, ka yi gefe kamar motar da aka yi wa lodi ɓari ɗaya.

ALHAJI: Rangaji ne. Haka masu hali suke tafiya.

ƊAN BOKO: Igiya ɗaya ce, Kawu. Kafaɗa tana ɗagawa don kada igiyar ta zame, jiki kuma yana karkata ɗaya gefen don kada ka faɗi. Gobe wuya ya ƙage, ka ce filon otal ne. Duba ma inda igiyar ta kama jakar: ƙugiya biyu, zobe biyu, duk kilo 11 a kansu yake. Can take fara tsinkewa. Ta kirki za ka ga ɗinkin murabba'i da gicciye a tsakiya. Taka layi ɗaya aka yi mata.

ALHAJI: Layi ɗaya na gwani ya fi goma na ɗan koyo.

HAJIYA: To gwada ta yaron mana, mu gani.

ALHAJI: Rufe ƙofa tukun. Da taga. Hajiya, ajiye wayar nan.

ƊAN BOKO: A shiri ake farawa. Marasa nauyi a ƙasa. Masu nauyi, kwamfuta da caja, su manne da bayanka, a tsakiyar tsawon jakar. Ka sa su can waje, sai su riƙa jan ka baya kana duƙawa gaba. Singileti da wanduna a naɗe su. Takalmi ƙafa ɗaya, a cusa safa a cikinsa. Kwat ɗaya ka sa a jikinka.

ALHAJI: Ɗayan fa?

HAJIYA: Ya zauna ya yi gadin gida.

ƊAN BOKO: Yanzu sassauta duk igiyoyin, ka goya. Ta ƙugu ake fara ɗaurewa, ita ce take sauke mafi yawan nauyin a kan ƙashin kwankwaso.

ALHAJI: Ta yi gajere. Kun gani? Ta yara ce.

ƊAN BOKO: Ƙarƙashin tumbi ake sa ta, Kawu.

ALHAJI: Wane tumbi?

(Aka yi shiru na girmamawa. Igiya ta sauka inda ya kamata, ta ce ƙas.)

ƊAN BOKO: Sai ka ja na kafaɗa su kwanta, ba su shaƙe ba. Ta ƙirji a ƙarshe, kamar yatsu biyu ƙasa da ƙashin wuya. Taka mu gani.

(Ya je ƙarshen baranda ya dawo a miƙe, hannu biyu a sake. Har ya fara karkaɗa su, ya tuna ana kallo.)

HAJIYA: Yaya?

ALHAJI: Babu daɗi ko kaɗan.

ƊAN BOKO: Tana da nata aibin. Baya zai yi gumi, kafaɗar kwat za ta yamutse. A cunkoso ka juyo da ita gaba, don ɓarawo yana son zif ɗin da mai shi ba ya gani. Fasfo da kuɗi a aljihun da ke manne da baya. Kuma da ka taka cikin jirgi, sauke ta ka riƙe a hannu.

(A nan yaron ya yi gaskiya. Akwai wasu bayin Allah da ke shiga jirgi da goyo, su juya neman lambar kujera su kwaɗa wa na zaune a fuska, su sake juyowa ba da haƙuri su kwaɗa wa na ɗaya gefen.)

ƊAN BOKO: Saura turaren. Mililita 200 ce kwalbar. A yawancin filayen jirgi 100 ce iyaka a jakar hannu.

ALHAJI: Ai rabi ya rage.

ƊAN BOKO: Abin da aka rubuta a jikin kwalba suke dubawa, ba abin da ya rage ba. Juye a ƙarama.

ALHAJI: Sun hana ni jakata, sun hana ni kwat, yanzu ƙamshina suke nema. To ku ji hukunci. Ta goyon ta ci, na yarda a zuba kayan a cikinta.

HAJIYA: Alhamdu lillahi.

ALHAJI: Sannan a saka ta cikin ta fatar a ja zif. Babu wanda zai gani.

ƊAN BOKO: Kawu, biyu da rabi a kan bakwai, tara da rabi ke nan. A kafaɗa ɗaya.

ALHAJI: Wa ya ce kafaɗata? Hajiya, duba ko akwai sauran kujera a jirgin nan, a yankar wa yaron nan tikiti.